Keke mai kafaffiyar giya: Shin ya dace da mai jiki?

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya sake samun daraja a idon mutanen da suka daɗe da jingine shi. Wasu tsadar abin hawa ce ta dawo da su, wasu kuma likita ne ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga. A rukuni na biyu akwai masu jiki da dama, waɗanda nauyinsu ya kai kilo 100 ko ya haura, kuma tambayar da suka fi yi ita ce wane keke ne zai ɗauke su ba tare da ya ba su kunya a hanya ba.

Tambayar ta ƙara nauyi ne saboda a cikin kekunan gwanjo da ake shigowa da su akan ci karo da wani siriri mai ɗaukar ido, ba tarkacen wayoyi, ba tarin giya, ga shi da sauƙin ɗagawa. Shi ne keke mai kafaffiyar giya, wanda matasan Turai da Amurka ke kira fiksi. Kafin kyan surarsa ya ja mai saye, yana da kyau ya san abin da zai hau.

Yadda yake aiki

A keken da aka saba da shi, akwai firiwil a ƙafar baya. Shi ne ke bai wa mahayi damar tsayar da feda ya huta alhali keke na ci gaba da tafiya. Fiksi ba shi da wannan. Haƙoran da sarƙa ke ja a ɗaure suke da ƙafar, saboda haka muddin taya na juyawa, feda na juyawa, ko mahayi ya so ko bai so ba. Gane shi a kasuwa ba wuya: a tura keken gaba, idan feda ta bi tana juyawa da kanta, to shi ne.

Tsarin tsoho ne. Keken Rover da John Kemp Starley ya fitar a birnin Coventry na Ingila a 1885, wanda daga gare shi keken yau ya samo siffarsa, haka yake aiki. Sai a ƙarshen shekarun 1890 firiwil ya yaɗu, kafaffiyar giya ta koma filin tsere mai zagaye, irin wanda aka gina a Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Abuja domin Wasannin Afirka na 2003. A irin wannan fili ba rami, ba mota, ba mai tsallaka titi, shi ya sa kekunan tseren ba su da birki kwata-kwata. Daga baya masu kai saƙonni a biranen New York da San Francisco suka fito da shi kan titi saboda ba ya yawan lalacewa, kafin ya zama abin yayi a shekarun 2000.

Abin da ke gare shi na alheri

A wani ɓangaren, fiksi ya fi ƙarfin abin da ido ke gani. Abin da ke fara gazawa a ƙarƙashin mai nauyi yawanci ƙafar baya ce, domin ita ke ɗauke da mafi yawan nauyin. A keke mai tarin giya, dole a matsa wayoyin ƙafar na gefe ɗaya ciki domin giyoyin su samu wuri, wanda ke sa wani gefen ya fi wani ɗauri. Ƙafar fiksi ba ta da wannan matsala: gefen biyu daidai suke, kuma ƙafar da aka ɗaure daidai ta fi jure nauyi. Sarƙarsa ma ta fi kauri, sannan da yawa daga cikinsu jikin ƙarfe gare su, wanda mai walda zai iya gyarawa.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana wajen gwiwa da wajen tsayawa. Yawancin irin waɗannan kekuna kan zo da haƙora 46 a gaba da 16 a baya, ko abin da ya yi kusa da haka. Ma'anarsa, duk juyin feda ɗaya keke zai ci kusan mita shida. A shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Kano wannan ba laifi. Amma a hawan tudu irin na Asokoro ko Jos, idan gudu ya sauka zuwa kilomita takwas a awa, feda za ta riƙa juyawa kamar sau 22 kacal a minti, kowane taki da ƙarfin tsiya. Wanda ke ɗauke da kilo 115 kuma bai saba ba, gwiwarsa ce za ta biya wannan bashi, alhali dalilin da ya sa ake bai wa masu jiki shawarar keke shi ne sirdi ya ɗauke wa gwiwa nauyin da gudu ke jibga mata.

A gangara kuma lamarin juyewa yake. Idan keke ya kai kilomita 40 a awa, ƙafafun mahayi sai sun juya kusan sau 110 a minti, ba damar hutawa. Mai nauyi ya fi saurin tara gudu a gangara, kuma tsayar da shi ya fi wuya. Mahayi da keke masu nauyin kilo 130 na buƙatar birki ya yi aikin da ya ɗara na masu kilo 80 da fiye da rabi, in gudunsu ɗaya. Masu gwaninta kan tsayar da fiksi ta hanyar turje feda har tayar baya ta ja ƙasa, sai dai wannan dabara tana cin taya, tana cin gwiwa, kuma ba ta kai birkin gaba saurin tsayarwa.

Birtaniya ta ga sakamakon haka. A watan Fabrairun 2016 wani matashi da ke kan irin wannan keke marar birkin gaba ya buge wata mata a Landan, ta rasu. A 2017 kotu ta ɗaure shi wata 18. Dokar ƙasar ta wajabta birkin gaba ga fiksi a kan titi.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi suturar gida. Idan bakin wando ko gefen doguwar riga ya shiga sarƙa, keke mai firiwil zai bari a tsayar da feda a cire. Fiksi ci gaba zai yi da naɗewa har sai mahayi ya faɗi. Haka yake yi wa yatsan wanda ke goge sarƙa yana juya taya.

Sauran zaɓin da ke kasuwa

Keken tsere mai lanƙwasasshen kai yana da giya, amma tayoyinsa sirara ne, milimita 23 zuwa 28, wasu ƙafafunsa kuma wayoyi 20 ko 24 kawai gare su. A hanya mai ramuka, mai jiki zai zama abokin mai faci. Keken hawan dutse ya fi juriya, da faffaɗar taya da giya mai sauƙi don tudu, ko da yake sifirin ɗin masu arha kan nutse ƙarƙashin nauyi. Tsaka-tsakinsu akwai keken gari mai miƙaƙƙen kai da taya mai faɗin milimita 35 zuwa sama, wanda ya fi dacewa da mai farawa.

Bai kamata a raina tsohon baƙin keke irin su Raleigh da Phoenix da Hero ba. Giyarsa ɗaya ce, amma yana da firiwil, kuma kekunan Ingila na asali kan zo da wayoyi 40 a ƙafar baya. Shekara da shekaru yana ɗaukar manomi da buhun hatsi a kariya. Rauninsa birkin sanda ne, wanda ba ya kamawa sosai idan ruwa ya jiƙa ƙafar, sai kuma wahalar tudu.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Kamfanoni kan faɗi iyakar nauyin da kekensu zai ɗauka. Trek na Amurka, alal misali, ya sa kilo 125 ga yawancin kekunansa na tsere, da kilo 136 ga yawancin na gari da na dutse, kuma lissafin ya haɗa mahayi da keken da kaya. Keken gwanjo ba ya zuwa da takarda, don haka ido ne zai yi aiki. A ƙirga wayoyin ƙafar baya, kada su gaza 32, in an samu 36 ya fi. A duba jikin keken wajen mahaɗa ko akwai tsaga. A tabbatar birki biyu na kamawa. A sa mai gyara ya ɗaure wayoyin daidai tun farko, a sake komawa bayan 'yan makonni, domin wayar da ta saki ita ke jawo tsinkewar 'yan uwanta.

Wanda zuciyarsa ta kafe a kan fiksi yana da mafita. Da yawansu suna da haƙora a gefe biyu na ƙafar baya, ɗaya kafaffe, ɗaya mai firiwil. Sai a juya ƙafar a fara da mai firiwil, a sa birki gaba da baya, a nemi haƙoran baya masu yawa kamar 18 ko 20 domin feda ta yi laushi.

Hukumar Lafiya ta Duniya na bai wa baligi shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likitansa. Bayan haka, keken da ya dace shi ne wanda mutum zai iya hawa yau, gwiwa ba ta kumbura ba, gobe ya sake fitowa.