INGANTA MANYAN SAMFURAN HARSHE WAJEN TAMBAYAR RUMBUN BAYANAI TA HANYAR TATSAR ILIMI

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan matsaloli biyu waɗanda suka sarƙe da juna. Ta farko ita ce yadda kwamfuta za ta karɓi tambaya cikin maganar yau da kullum, ta mayar da ita umarnin da rumbun bayanai yake ganewa. Ta biyu kuwa ita ce yadda za a ɗora wannan gwaninta a kan ƙaramin samfuri mai sauƙin kuɗi.

2.0 Asalin Matsalar

A shekarar 1970 ne E. F. Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin ajiye bayanai cikin jadawaloli masu dangantaka da juna. A 1974 kuma Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen tambaya wanda daga baya aka san shi da SQL. To, amma harshen nan sai wanda ya koya, alhali kuwa yawancin masu bukatar amsa, kamar likita ko magatakarda, ba su koye shi ba.

Domin auna ci gaban da ake samu, masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun shirya ma'aunin Spider a 2018, mai tambayoyi 10,181 a kan rumbuna 200. A 2023 aka fito da BIRD, mai tambayoyi 12,751 a kan rumbuna 95, wanda aka bar bayanansa da gurɓatarsu kamar yadda ake samunsu a ma'aikatu. A lokacin da aka gabatar da shi, GPT-4 ya dace a kimanin kashi 55 cikin ɗari, mutane kuwa sun kusa kashi 93.

Ina tushen wannan giɓi? Alal misali, a ɗauka an tambayi rumbun wata makaranta, "Ɗalibai nawa suka ci jarrabawa bara?" Dole ne samfurin ya gano jadawalin da maki yake ciki, ya haɗa shi da na sunaye, sa'an nan ya san makin da ake kira ci, wanda sau da yawa ba a rubuce yake a rumbun ba. Idan ya ɗauki 40 alhali makarantar 50 take nufi, umarnin zai yi aiki lafiya lau, ya ba da adadi, babu kuma wata alamar kuskure. Wannan shi ne babban haɗarin.

3.0 Tatsar Ilimi

Abin da muke nufi da tatsar ilimi shi ne a sa babban samfuri, watau malami, ya horar da ƙarami, watau ɗalibi. Geoffrey Hinton da Oriol Vinyals da Jeff Dean su ne suka yayata dabarar a 2015. Hikimarta ita ce, ba amsa kaɗai ɗalibin yake koya ba, har da nauyin da malamin ya bai wa sauran amsoshi. Idan aka nuna wa malamin hoton akuya, zai ce akuya ce, amma ya fi kusanta ta da tunkiya bisa ga mota, kuma wannan kusantawa ita kanta ilimi ce.

A 2019 kamfanin Hugging Face ya fitar da DistilBERT, wanda aka rage girmansa da kashi 40 cikin ɗari, saurinsa ya ƙaru da kashi 60, ya kuma riƙe kashi 97 na ƙwazon BERT wajen fahimtar harshe.

4.0 Haɗa Biyun

Ƙaramin samfuri yana iya zama a kwamfutar ma'aikata, don haka asibiti ko banki ba sai ya aika da asirin jama'a waje ba. Sai dai kuma ɗalibi yakan gaji kurakuran malaminsa. A nan SQL yana da wata falala, domin ana iya gwada kowane umarni a kan rumbun kafin a koyar da shi, a zubar da wanda ya ƙi aiki, a kuma kwatanta sakamakon da amsar da mutane suka tabbatar inda akwai ta. Daɗin daɗawa, dabarar PICARD ta 2021 tana duba umarnin tun ana cikin rubuta shi, ta hana duk abin da ya saɓa wa nahawun SQL.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za mu ga cewa gwaji yana kama kuskuren nahawu, amma ba ya kama kuskuren ma'ana irin na misalinmu sai da hannun mutum. Saboda haka muna ba da shawara cewa a riƙa rubuta ma'anar kalmomin kowace ma'aikata a haɗa da rumbunta, a kuma horar da ɗalibin ya nemi ƙarin bayani idan tambaya ta zo da harshen damo. Daga ƙarshe, da yake tambayoyin Spider da BIRD da Turanci aka shirya su, tanadar irinsu da Hausa aiki ne da yake jiran haɗin gwiwar masana harshe da masana kwamfuta.