Wayar Da Ke Faɗin Inda Ciwonta Yake

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, ya ratsa ƙasar Damargu da rani, bayan an gama girbin gero, ƙasa ta yi fayau, ido ba ya cin karo da kome sai ƙaya da rairayi, to, ya san cewa babbar jarrabawar wutar lantarki a wannan yanki ita ce nisa. Idan guguwar da ke gabatar ruwan fari ta karyo reshen aduwa ta jefa kan waya a tsakiyar daji, sai gari ya yi duhu baki ɗaya, injin niƙa ya yi tsit, matan da suka jera ƙoren hatsi su zauna zaman jira, ƙanƙara ta narke a hannun mai tallarta, alhali kuwa ma'aikata suna can suna bin turaku ɗaya bayan ɗaya da fitila, domin wayar ba ta da harshen da za ta faɗi inda aka cuce ta.

Hikimar da masana suka fito da ita a wannan zamani ita ce a ba wayar harshe. Akan ɗaura wa turaku ƴan na'urori masu auna ƙarfin wuta dare da rana, suna aika labari ta hanyar sadarwa zuwa ɗaki guda, inda ma'aikaci ke zaune gaban kwamfuta yana ganin layin duka kamar tafin hannunsa. Akwai kuma makunni mai sarrafa kansa, wanda, idan abu ya taɓa waya, zai yanke wuta, ya dakata daƙiƙoƙi kaɗan, sa'an nan ya mayar. Da yake galibin matsalolin wayar sama masu wucewa ne, kamar reshe ko tsuntsu ko tsawa, sau da yawa mutane ba za su ga kome ba face ƙiftawar ƙwan lantarki. In kuwa lalacewar ta tabbata, sai a killace wannan yanki kaɗai, sauran jama'a su ci gaba da sha'aninsu. Madugan da suka riƙa ratsa Damargu tsakanin Kano da Azbin ba sa sakin ayari sai da jagaba a gaba, mai dawowa da labarin hanya, kuma aikin waɗannan na'urori ke nan.

Wajibi ne dai a faɗi gaskiya, cewa dabarar ba ta haifar da wutar da babu ita. A watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa ya mutu, aka shiga rabon wuta unguwa unguwa har zuwa Maris na 2024. Amma a ganina a irin wannan ƙunci ne ma fa'idar ilmi ta fi bayyana, domin rabo ba ya yin adalci sai mai rabon ya san abin da ke hannunsa, ya iya barin wuta ga asibiti da famfon ruwa da firijin allurar rigakafi, ya ɗauke ta daga inda za a iya haƙuri.

Damargu kuwa tana da hujjar neman wannan gyara daga kamfanin lantarki na NIGELEC, wanda aka kafa tun 1968, tun da a ƙasar Olelewa, cikin gundumar Tanut, matatar mai ta SORAZ take, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a yini, kuma daga nan aka ja babbar waya zuwa Damagaram. Ga kuma rana, wadda Allah ya hore mana ba adadi. Balbeji, da ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, da ƙauyukan Tarka, sun fi dacewa da ƙananan tashoshin hasken rana masu batur, kuma wutar da ke hawa da sauka gwargwadon hazo da gajimare ba ta sarrafuwa sai da ma'auni mai faɗakarwa a kowane lokaci.

Abin da ya fi damuna shi ne mai gyara. Na'urar da ƙurar hunturu ta toshe, ko zafin bazara ya kashe baturinta, idan sai an jira gwani daga Yamai kafin a buɗe ta, to, an koma gidan jiya. Ya kamata tun ranar da za a kafa ta a tsayar da samarin Tanut da Balbeji a gindin turken, a koya musu kwance ta da ɗaura ta, a kuma bar musu kayan canji a cikin garinsu.