Tsarin Mulki a Bakin Burtali

A ƙasar Tasawa da Mayahi, Bahaushe manomi da Bafulatani makiyayi da Buzu mai raƙumi rijiya ɗaya suke sha, kasuwa ɗaya suke ci. Wannan zama ya girmi Jamhuriyar Nijar nesa ba kusa ba. Abin da tsarin mulki ya ƙara shi ne ya ɗauke shi daga kara da kawaici, ya mai da shi haƙƙi.

Kundin Jamhuriya ta Bakwai, wanda aka sa wa hannu ranar 25 ga Nuwamba 2010, ya ce Nijar ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Aya ta 8 ta daidaita kowa a gaban doka, ba ruwanta da ƙabila ko addini. Ta 9 ta haramta jam'iyyar ƙabila, ta yanki ko ta addini. Ta 5 kuma ta ba kowace al'umma 'yancin amfani da harshenta, ta sa harsunan ƙasa a matsayi ɗaya. Har a majalisar dokoki an ware kujeru 8 don ƙananan al'ummomi, ciki har da ta Bermo a nan jihar Maraɗi.

Sai dai mutumin karkara bai san doka a takarda ba, a bakin burtali ya san ta. Idan damina ta faɗi, garke ya yi arewa, kaka ta yi ya gangaro ta Gulbin Kaba, alhali gero bai gama shiga rumbu ba. Nan ake yin ta. Mutanen Maraɗi ba su manta da Toda ba, inda a Oktoban 1991 aka kashe Fulani sama da 100, galibi mata da yara, ana tsakiyar Babban Taron Ƙasa a Yamai. A 1993 aka kafa dokar ƙasar noma da kiwo, wadda ta haifar da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, inda mai gari da wakilan manoma da na makiyaya ke zama a shata burtali da makiyaya da mashaya. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar cewa yawon kiwo haƙƙi ne. A ganina, duk ranar da Kofo ta hana mai ƙarfi nome burtali, ta kuma sa mai dabba ya biya ɓarnar da ya yi, ayoyin nan sun yi aiki fiye da jawabin kowane minista.

Sojoji sun jingine wancan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki, sauran tara, irin su Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci, aka kira su harsunan da ake magana da su. Batasaye da Bamayahe sun ji daɗi, kuma da dalili, don kuwa an daɗe ana yi wa tsoho shari'a da harshen da ba ya ji. Amma daidaiton da aya ta 5 ta shimfiɗa ya motsa, kuma nauyin ya dawo kan masu rinjaye: a ofishin magajin gari ko gaban alƙali, wa zai tsaya wa matar da Fulatanci kaɗai take ji?