Ɗaurin filtar baƙin mai: hannu ya isa

Damargu ƙasar gero ce. Da kaka ta yi, motoci na kwasar buhunan hatsi daga Belbeji da ƙauyukanta zuwa Tanut da Damagaram. Hanyoyin ƙauye rairayi ne da gargada, kuma gareji na da nisa. Motar da ke kai gero kasuwa, ita ce ke kai mai naƙuda likita cikin dare. Don haka lafiyarta ta shafi kowa.

Baƙin mai shi ne jinin inji. Filta ce ke tace shi, tana kama ƙura da dattin ƙarfe. A bakinta akwai zoben roba, shi ke hana mai tsiyaya. Idan ɗauri ya yi sako-sako, girgizar hanya za ta kwance filta. Idan ya yi tsanani, zoben zai murƙushe. Ko ta wace hanya mai zai zube, injin da ya rasa mai kuwa cikin mintoci kaɗan yake ƙonewa.

Ƴan'uwa, in an cire tsohuwar filta, a duba ko zobenta ya manne a jikin inji. Zobe 2 a haɗe ba su riƙe mai. A goge wurin da tsumma mai tsabta, domin ƙwayar rairayi ma ɓarna take. A shafa sabon mai a sabon zobe da yatsa. Sannan a murɗa filta da hannu sannu a hankali. In ta cije tun farko, ba ta hau daidai ba, a kwance a sake.

Da zoben ya taɓa inji, a yi alama da alli. A raba zagaye ɗaya kashi 4, a ƙara murɗa kashi 3, sai dai in an rubuta wani abu dabam a jikin filta. Wasu yaran mota na sa ƙarfe don nuna ƙarfi. Wannan kuskure ne: ƙarfen na kwancewa ne kawai.

A zuba mai, a tada inji, a leƙa ƙarƙashi. In jar fitilar mai ba ta mutu ba, a kashe inji nan take. In ta mutu kuma babu ɗigo, a kashe, a jira minti 5, a sake auna mai.

Tsohon mai guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, kada a shafa shi a miki, na mutum ko na raƙumi.