Gasasshen Hanjin Kaza na Ƙasar Filifin da Zancen Wai Wuta Ba Ta Barin Cuta

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin samarinmu, tun da hotunan abincin ƙasashen Asiya suka cika wayoyin hannu, ɗalibanmu kuma suka riƙa zuwa ƙasar Filifin neman ilmin likitanci da aikin jinya, maganar da na gaji da jinta har na ga ya wajaba in tanka: wai duk abin da ya hau wuta ya tsarkaka kome ƙazantarsa, balle in an tsoma shi cikin ruwan khal. Hujjar masu wannan da'awa kuwa ita ce isaw, watau hanjin kaza da ake gasawa a bakin titunan Manila da sauran biranen ƙasar, wanda suke cewa ga shi jama'a na ci kullum, ba a ga sun ƙare ba.

Yadda ake yinsa ba boyayye ba ne. Akan tatse hanjin, a wanke shi ciki da waje, a tafasa, sa'an nan a soke shi a siririn tsinken gora ana lanƙwasawa kai da kawo har tsinken ya cika, a ɗora bisa garwashi, ana fifita da kwali ana shafa masa wani jan romo mai zaƙi-zaƙi. In ya gasu sai mai saye ya tsoma shi cikin kwalbar ruwan khal da aka yanka wa albasa da tafarnuwa da barkono. Wanda ya san yadda ƙamshin tukubar mai tsire ke tsai da mutum bayan la'asar ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin abin da ke tara ɗalibai da leburori da direbobi a gaban waɗannan tebura, har a harabar Jami'ar Filifin da ke Diliman. Ga araha, ga daɗi, ga hira a tsaye. Ban ga aibin talaka ba don ya mai da abin da mawadaci ya yar ya zama abin marmari. Hasali ma wannan hikima ce da ta cancanci yabo.

Inda na saɓa da masu waccan da'awa shi ne batun wutar. Hanji shi ne mazaunin kashin kaza, kuma a cikinsa ne ƙwayoyin cutar da likitoci ke kira Salmonella da Campylobacter suke zaune, alhali kazar tana yawonta lafiya lau, ba alamar kome a jikinta. Masana sun ƙayyade cewa ba a amince wa naman kaza sai zafi ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyas a can cikin tsakiyarsa, shi kuwa garwashi, musamman in mai gashi yana sauri saboda masu saye sun yi layi, yakan babbake baya ya bar ciki da ɗumi-ɗumi kawai, ta yadda ido zai ga baƙi-baƙi ya yi hukuncin ya nuna, alhali lanƙwasar da ta matsu a jikin tsinke ba ta ji wuta yadda ya kamata ba.

To, a ƙaddara ma wutar ta ratsa ko'ina. Akwai ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a fata da hancin mutane da yawa, wadda in ta sami dafaffen nama da aka ajiye sa'o'i cikin zafin rana sai ta hayayyafa ta zuba dafinta a ciki. Wuta tana kashe ƙwayar, amma dafin yana nan daram, kuma shi ne ke sa mutum amai da murɗawar ciki 'yan sa'o'i kaɗan bayan ya ci. Hanjin da aka tafasa da hantsi, aka jera a faranti ba ƙanƙara ba murfi har magariba, ƙuda na sauka ƙurar mota na bi, ina amfanin garwashin da zai hau daga baya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye haka nan.

Babbar musibar ma tana zuwa ne bayan an sauke daga wuta, kuma nan ne gafalar masu wannan magana ta fi ba ni haushi. Kwalbar ruwan khal ɗaya ce ga kowa. Wani zai tsoma tsinkensa, ya gatsa, ya sake mayarwa, na bayansa ma haka, tun daga la'asar har dare, hannun da ya karɓi kuɗi kuma shi ne ya yanka albasar. Zazzaɓin taifot da ciwon hanta nau'in A ta wannan hanya suke tafiya, daga bayan gidan mai ɗauke da cutar zuwa hannunsa, daga hannunsa zuwa bakin wani, kuma ba ruwansu da ko naman ya gasu. Tsamin khal yana rage wasu ƙwayoyin in an ba shi lokaci, amma tsomawar ƙiftawar ido cikin ruwan da aka sirka, wanda maiƙo da yawu suka riga suka gurɓata, ba magani ba ce, kuma wanda ya dogara gare ta ya dogara ga zato. Su kuwa masu cewa ba a ga kowa ya mutu ba, sai su sani wanda gudawa ta kayar ba ya dawowa gaban tebur ya ba da labari. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da cuta ta hanyar abinci kowace shekara a duniya, 420,000 daga cikinsu suna rasuwa.

Akwai kuma illar yawan cin ƙonannen nama, wanda hayaƙin kitse ke bar masa sinadaran da ake dangantawa da ciwon daji, da illar kayan ciki ga mai ciwon gaɓoɓi.

Hukumomin Filifin ba su jahilci waɗannan haɗurra ba, domin tun 1975 suke da dokar tsabta da ta wajabta wa mai sayar da abinci takardar izini da shaidar lafiya, suka ƙara da dokar kiyaye abinci a 2013. Sai dai bin kowane tebur a ƙasa mai tsibirai fiye da 7,000 ba ƙaramin aiki ba ne. Saboda haka wanda ya je can ya zama mai duba wa kansa. Ya tsaya inda ake ciniki sosai, don kaya ba sa kwana. Ya ga an gasa nasa a gabansa, ya karɓa da zafinsa, in ya ji ɗaci ko ya ga wani abu rawaya-rawaya a ciki ya tofar, domin alamar ba a wanke hanjin da kyau ba ke nan. Ya roƙi a zuba masa ruwan khal a kofinsa shi kaɗai. Mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho da wanda jinya ta raunana su haƙura da isaw ɗungum. In kuwa gudawa ta zo da jini, ko zazzaɓi ya wuce kwana biyu, a tafi asibiti, a bar sayen ƙwayoyi a kanti bisa shawarar aboki.

Ga Musulmi akwai mas'alar da ta gabaci duk wannan, domin galibin mutanen ƙasar Kirista ne, kuma a kan waya ɗaya ake gasa hanjin kaza da na alade da daskararren jinin da suke kira betamax, da buroshi ɗaya ake shafe su duka. Ɗalibinmu da ke can ya nemi masu abincin halal daga Musulmin Mindanao da ke zaune a unguwar Quiapo ta Manila, ya tambayi wanda ya yanka kazar kafin ya miƙa kuɗinsa.