Kundin da Ke Haɗa Majiyyaci da Maƙwabtansa

A Birtaniya, likitan unguwa yakan ba majiyyaci kimanin minti 10. Cikin masu shigowa kuwa akwai da yawa waɗanda gwajin jini ba zai nuna abin da ke damunsu ba: dattijuwar da mijinta ya rasu, take kwana da wuni ba mai yi mata sallama, magidancin da bashi ya hana shi runtsawa, mai ciwon suga da aka ce ya riƙa motsa jiki, bai kuma san inda zai dosa ba. Likita zai rubuta ƙwayar barci, amma gobe bashin na nan. Kaɗaici ya yi ƙamarin da a 2018 gwamnatin Theresa May ta ɗora wa wata minista alhakin yaƙi da shi.

A garin Frome da ke yankin Somerset, wata likita mai suna Helen Kingston ta ɗauki wata hanya tun 2013. Ita da abokan aikinta sun lura cewa taimakon da majiyyata ke nema yana nan cikin gari, sai dai ba a san da shi ba. Akwai ƙungiyar masu tattaki, akwai ta waɗanda suka yi fama da shanyewar ɓarin jiki, akwai masu ba da shawara kan bashi kyauta, akwai zaman shan shayi da hira. Sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka tattara a kundi guda a intanet, da ranar haɗuwa, da wuri, da lambar waya. Inda aka ga giɓi, aka taimaka aka kafa sabuwar ƙungiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne matakin da ya biyo baya. Ba a bar kundin a kwamfuta ana jiran marar lafiya ya lalubo shi ba. An horar da mutanen gari, irin su direban tasi da mai gyaran gashi da mai shagon shayi, yadda idan wani ya koka musu cikin hira za su ce masa, "Ai akwai masu haɗuwa a wuri kaza ranar Talata." Ga kuma ma'aikata na musamman da ke zama da majiyyaci a tsanake su ji abin da ya dame shi. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa tsakanin 2013 da 2017 kwanciyar gaggawa a asibiti ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a Frome, alhali a sauran Somerset ta ƙaru da sama da kashi 28. Gaskiya ne ba za a jingina wa kundin duk wannan nasara ba, domin an yi wasu gyare-gyare tare da shi.

A 2019 hukumar lafiya ta NHS ta shigar da wannan salo cikin tsarinta na dogon zango a Ingila, da alƙawarin ɗaukar jami'an haɗi 1,000 a kashin farko, wato irin ma'aikatan nan da ke zama da majiyyaci su haɗa shi da ƙungiyoyin gari. Sikotland tana da nata kundin mai suna ALISS, Wales kuma Dewis Cymru.

To, amma kundi yana da cutarsa, wato tsufa. Ƙungiya ta sauya ɗakin taro, mai riƙe da waya ya bar gari, kuɗin tallafi ya ƙare, shafin kuwa yana nan yana cewa a zo ƙarfe goma. Mutumin da ya yi wata guda yana tara ƙarfin halin fita daga gida, ya je ya tarar da ƙofa a garƙame, da wuya ya sake gwadawa. Shi ya sa ALISS ya bai wa ƙungiyoyi damar shigar da bayanansu da gyara su da kansu. Sannan waɗanda suka fi buƙatar taimakon, tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi, su ne suka fi ƙarancin shiga intanet. Su ma ƙananan ƙungiyoyin suna kokawa cewa ana turo musu mutane ba a turo musu ko sisi ba, an ɗora wa jaki kaya an hana shi harawa.

A ganina, duk hukumar da za ta buɗe irin wannan kundi ta fara ware albashin wanda zai riƙa buga waya yana tabbatar da bayanan, da na wanda zai raka majiyyaci zuwa bakin ƙofa. Mai ɗan'uwa a Ingila da kaɗaici ko damuwa ta addaba kuma, ya shaida masa cewa yana iya neman asibitin unguwarsu ya haɗa shi da jami'in haɗi, ba ya biyan komai.