Shiri Ba Ya Jiran Mai Gida: Yadda Ake Sa Wa Na'ura Lokaci

Duk wanda ke zaune a zangon Kumasi ko Nima ko Tamale ya san shirin Hausa a talabijin ba ya jiran kowa. Ɗan kasuwa yana Kejetia, direba yana kan hanya, uwargida ta tafi suna, kafin a dawo gida an gama. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan wata dabara da yawancinmu ba mu damu da ita ba, wato sa wa na'ura lokaci ta ɗauki shiri da kanta.

Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, kuma akwatunan bidiyo na wancan zamani da agogonsu suke zuwa. Abu huɗu akwatin ke bukata: rana, tasha, lokacin farawa da lokacin gamawa. Daga nan sai mutum ya zaɓa, ko sau ɗaya, ko kullum, ko mako-mako. Kaset mai lamba E-180 awa uku yake ɗauka, amma idan aka juya na'ura zuwa LP sai ya kai awa shida, ko da yake hoton yakan ɗan dusashe. Da yake mutane da yawa sun kasa gane kan maɓallan, sai kamfanin Gemstar na Amurka ya fito da tsarin VCR Plus+ a 1990, inda jarida kan buga lamba a gaban kowane shiri, mutum ya danna ta kurum.

Mu a nan Ghana babban abokin gabarmu shi ne ɗaukewar wuta. Waɗanda suka ga rabon wuta na 1998, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, suna tune da yadda agogon bidiyo ke komawa yana ƙifta 12:00, duk abin da aka tsara ya bi ruwa.

Kamfanin Funai ya daina ƙera akwatin bidiyo a 2016, amma aikin ya koma cikin dikodar tauraron ɗan'adam, wadda da yawa daga cikinta ke ajiye shiri a filas. A nan akwai abin lura guda huɗu.

Na farko, agogon Nijeriya da Nijar yana gaba da namu da awa ɗaya. Idan tashar Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, ta ce ƙarfe takwas na dare agogon Nijeriya, to a Accra ƙarfe bakwai ne. A duba a tabbata agogon dikodar yana kan GMT.

Na biyu, a ƙara minti biyar kafin shiri da minti goma bayansa, domin tasha takan makara, musamman wajen tafsirin watan Azumi.

Na uku, shirin da zai fara bayan sha biyun dare, ranar gobe ake rubuta masa.

Na huɗu, ƙaramar dikoda ba kasafai take iya ɗaukar tasha biyu a lokaci guda ba, kuma shirin mako-mako zai yi ta taruwa har filas ya cika idan ba a share wanda aka kalla ba. Haka kuma kada a zare wayar wuta daga bango, a bar na'urar tana barci kawai.

To, me ya sa muka damu? 'Ya'yanmu suna wuni da Turanci a makaranta, da Twi ko Ga a kan titi. Idan iyali suka zauna bayan sallar isha'i suka kalli wasan kwaikwayo ko wa'azin da aka ɗauka da rana, yaro zai ji karin magana da gaisuwar manya yadda ake yin su a Kano da Damagaram. Wanda bai iya ba ya kira yaron gida ya nuna masa, tambaya ba ta ɓad da mutum. Allah ya sa mu dace.